Na'urar Danshi ko Canjin Bargo: Wanne Ya Fi Maganin Shokin Lokacin Ɗari a Sakkwato?

Daga ƙarshen Nuwamba, da zarar iskar arewa maso gabas ta kankama, hazo ya lulluɓe gari, ƙorafi iri ɗaya kan dawo gidaje da ofisoshin Sakkwato. Mutum ya fito daga mota, ya kai hannu zai rufe ƙofa, sai ya ji tsat a yatsa. A miƙa hannu za a gaisa bayan an idar da salla, sai duka biyun su zabura. Uwa ta ja bargo da tsakar dare za ta gyara wa yaro rufa, sai ta ga shuɗin tartsatsi yana ƙyas-ƙyas a cikin duhu, yaron ya farka da kuka. Wasu su ce ƙarancin jini ne, wasu su ɗauka wayoyin gidan ne suka lalace, wasu kuma hankalinsu ya tashi sosai su yi zaton wani abu ne na ɓoye. Ko ɗaya babu. Caji ne na lantarki da ke taruwa a jikin mutum da tufafinsa, ya rasa hanyar fita saboda bushewar iska, har sai ya samu ƙarfe ko jikin wani ya tsallaka a lokaci guda.

Shawara biyu ake ba wanda abin ya dama. Masu bibiyar intanet za su ce ka sayi na'urar da ke fesa danshi a ɗaki. Masu harkar yadi da dattawan gida za su ce ka rabu da bargon roba da rigunan foliyesta, ka koma auduga. Kowanne da gaskiyarsa, kuma wanda ke da hali zai iya haɗa su. Amma yawancinmu kuɗin abu ɗaya muke da shi a lokaci guda, don haka dole a zaɓa. Ni dai a ganina, a irin gidajenmu da irin wutarmu da irin ruwanmu, tufafi da shimfiɗa ya kamata su fara cin kuɗin. Na'ura ta biyo baya, ita ma da sharuɗɗa. Dalilin ba zai fito ba sai an san yadda cajin ke samuwa.

Kowane abu yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin caji da ake kira ilektoron. Idan abubuwa biyu mabambanta suka haɗu suka rabu, ɗaya kan ƙwace wa ɗayan wasu ƙwayoyin. Goga su da juna yana ƙara yawan wuraren haɗuwar ne kawai. Gashi da fatar mutum da ulu da nailan suna saurin bayarwa. Foliyesta da akirilik, wato zaren roba da ake yin bargo da suwaita da shi, da leda suna saurin karɓa. Auduga tana kusa da tsakiya, ba ta cika bayarwa ba, ba ta cika karɓa ba. An daɗe da sanin wannan jeri, domin wani masani, Johan Carl Wilcke, ya wallafa irinsa tun 1757. Abin riƙewa shi ne, gwargwadon nisan da ke tsakanin abubuwa biyu a jerin, gwargwadon yawan cajin da za su tara. Busasshiyar fata a cikin bargon akirilik kusan ɗaya a wannan ƙarshen jerin yake, ɗaya a wancan, shi ya sa nan abin ya fi tsanani.

Wannan musayar tana faruwa a watan Agusta kamar yadda take faruwa a Janairu. Bambancin shi ne inda cajin ke zuwa bayan ya samu. Da damina, lokacin da danshin iskar Sakkwato kan haura kashi 70 cikin 100, wani siririn lulluɓi na ruwa, wanda ido ba ya gani, yana kwanciya a kan fata da yadi da daɓe. Ta cikinsa cajin ke sulalewa a hankali zuwa ƙasa, mutum bai ma san an yi ba. Da hunturu kuwa, iskar da ke zuwa mana ta keto Sahara, ɗauke da ƙurar da mai yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. A Janairu da Fabrairu danshin kan faɗo ƙasa da kashi 20. Lulluɓin nan ya ƙafe, hanya ta toshe, caji ya yi ta taruwa. Masu ƙera kayan lantarki suna da alƙaluman da suka saba kafa hujja da su: tafiya a kan kafet idan danshi yana tsakanin kashi 10 da 25 tana iya tara wa mutum bolt 35,000 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin lantarki), alhali tafiyar nan a danshin kashi 65 zuwa 90 ba ta wuce bolt 1,500. A daɓen leda kuma, 12,000 ne da 250. Mutum kan fara jin shokin ne daga wajen bolt 3,000, kuma kusan adadin nan ake bukata kafin tartsatsi ya keta milimita ɗaya na iska. Ka ga ke nan da damina ba ma kaiwa inda za mu ji, da hunturu kuwa muna ninka shi sau goma.

A nan akwai abin da ya kamata ɗan Sakkwato ya lura da shi idan yana karanta shawarwarin da aka rubuta don mutanen Ingila ko Amurka. Su can sanyi ne ke jawo bushewar. Iska mai sanyin digiri sifiri ba ta iya riƙe fiye da kusan giram 5 na tururin ruwa a kowace mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya bisa, alhali a zafin digiri 20 tana iya riƙe giram 17. Idan suka ɗumama ɗaki, iskar ta samu wurin ɗaukar ruwa amma ruwan babu, sai ta zama busasshiya. Gidajensu kuma a toshe suke ruf, saboda haka ƙaramar na'ura tana cika musu ɗaki da danshi ya zauna. Mu tamu iskar a bushe take zuwa tun daga hamada, ko da rana ta take ta kai digiri 30 da ɗoriya. Shaidar haka, a watan Maris ɗari ya tafi amma ƙofar mota ba ta daina jan mutane ba. Abin yana raguwa ne kawai domin an ajiye suwaita da bargo, gumi kuma ya dawo jiki. Wanda ya shigo da kaskon garwashi ɗaki ko ya kunna hita ya ƙara busar da iskar da dama a bushe take. Garwashi a rufaffen ɗaki ma hatsarinsa ya wuce batun shoki nesa ba kusa ba, domin iskar gubar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kashe mutane a cikin barci. Wannan ina roƙon a kiyaye shi ko da ba a ɗauki komai daga rubutun nan ba.

To, bari mu ba na'urar danshi haƙƙinta. Ita ce kaɗai take tunkarar tushen matsalar. Idan ta ɗaga danshin ɗaki zuwa kashi 40, yawancin shokin zai ɓace, ko bargon roba kake rufa da shi ko wane iri. Ba ta tsaya nan ba: bushewar maƙogwaro da asuba, tsagewar leɓe, haɓon da yara ke yi a wannan lokaci, ƙaiƙayin ido, duk suna sauƙi a ɗakin da ke da danshi. Canza bargo ba zai yi maka ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wanda damuwarsa ta fi karkata ga hanci da maƙogwaro fiye da tartsatsi, lissafinsa daban ne, kuma zan dawo kansa.

Matsalar tana wajen yawan ruwan da ake bukata. Ɗauki ɗaki mai mita huɗu tsawo, huɗu faɗi, uku bisa. A zafin digiri 25, iska mita ɗaya tana iya riƙe kusan giram 23 na ruwa. Kafin ka ɗaga danshin ɗakin daga kashi 15 zuwa 40, sai ka zuba wa iskarsa ruwa sama da rubu'in lita kaɗan. Wannan ba wani abu ba ne, da a ce iskar za ta zauna. Amma ba ta zama. Tana fita ta ƙarƙashin ƙofa, ta tagar luba da gilasanta ba sa haɗuwa, ta rufin da ba silin, busasshiya ta maye gurbinta. Idan iskar ɗakin tana sauyawa sau ɗaya kacal a awa, kana bukatar wannan rubu'in litar a kowace awa, wato lita biyu zuwa uku kafin gari ya waye. Ɗakin da labule ne kawai a ƙofarsa, ko wanda yara ke shiga da fita, sauyin iskarsa ya ninka haka sau da yawa, kuma kunna na'ura a cikinsa kamar ɗiban ruwa ne da kwando. Duba ƙurar da kake sharewa a kan tebur kowace safiya: duk inda ƙura ta samu hanyar shigowa, ta nan danshinka zai fice.

Wannan lissafi shi ne ya kamata ka riƙe a kasuwa. 'Yan ƙananan na'urorin nan masu kyan gani da ake jonawa a cajar waya, masu fitilu kala-kala, tankinsu bai fi kofin shayi ɗaya ko biyu ba. Suna iya sanyaya maka fuska idan ka ajiye su a gabanka, amma ba za su canza iskar ɗaki ba. Wadda za ta yi aiki ita ce mai tankin lita uku zuwa biyar, wadda aka rubuta a kwalinta cewa tana fitar da kusan mililita 250 zuwa 300 a awa.

Su ma manyan iri-iri ne. Mai fesa hazo mai sanyi ta hanyar girgiza ruwa ba ta da ƙara, kuma wutar da take ci kaɗan ce, wajen wat 20 zuwa 40, don haka ƙaramar sola ko inbata za ta riƙe ta har safe. Aibinta shi ne duk abin da ke cikin ruwan tana watsa shi cikin iska. Ƙasar Sakkwato tana da farar ƙasa, wadda ita ce ma ta sa aka kafa masana'antar siminti a Kalambaina, kuma ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da dama yana barin farin ɓawo a gindin butar shayi. Idan butarka tana yin haka, wannan na'ura za ta mayar da ɓawon farar ƙura ta sauka a kan talabijin da madubi, kuma ku shaƙe ta. Maganinsa tataccen ruwa, wanda saye ne na kullum. Mai tafasa ruwa ta fitar da tururi ba ta da wannan aibi, tafasar kuma tana kashe ƙwayoyin cuta, ga ɗan ɗumi da take ƙara wa ɗaki. Sai dai tana cin wat ɗari biyu zuwa sama, batir ba zai ji daɗinta ba, kuma ruwan zafi a ɗakin da ke da mai rarrafe abin tsoro ne. Sai fanka mai ruwa, wadda ake kira kula, da gidaje da yawa suka riga suka mallaka don zafin bazara. Tana zuba danshi sosai, fiye da sauran ma, amma tana sanyaya ɗaki, kuma ba wanda ke neman ƙarin sanyi da ƙarfe uku na daren Janairu. Da rana a ofis ko shago, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, ba ta da na biyu. Wanda ke da ita kada ya sayi wata na'ura kafin ya gwada ta.

Akwai kuma wahalar da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Ruwan da ya kwana a tanki wurin hayayyafar ƙwayoyin cuta da fumfuna ne. Ƙa'ida ita ce a zubar da ragowar kullum, a wanke tankin sosai duk bayan kwana uku. Na'urar da aka bari da datti tana fesa wa masu barci abin da ya fi bushewar iska illa, balle a gidan da ke da mai asma. Idan ka san ba mai ɗaukar wannan aiki a gidan ba tare da fashi ba, bar ta a kanti. Sannan idan aka ɗauke wuta da ƙarfe ɗaya na dare, ba batir, to kafin asuba ɗakin ya koma yadda yake.

Dabarun gida na ƙara danshi ba su da kuɗi, amma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Kwanon ruwa da ake ajiyewa a kusurwar ɗaki kusan kwantar da hankali ne kawai. Sa alama a bakin ruwan da dare, ka duba da safe, za ka ga da ƙyar ya sauka, domin fuskar ruwan ƙarama ce. Jiƙaƙƙen tawul ko zani da aka shanya a igiya cikin ɗaki ya fi shi nesa: yana riƙe rabin lita ko fiye, kuma zuwa safe za ka same shi ƙamas, ma'ana duk ruwan ya shiga iska. Shanya wankin yara a ɗakin kwana a wannan lokaci dabara ce mai kyau. Goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma kafin kwanciya yana kwantar da ƙura ya kuma bar ɗan laima. Iyayenmu da ke yayyafa ruwa kafin shara, da randa tana tsattsafo a gefe, a ɗakin ƙasa mai kaurin bango, ba su san wannan shoki kamar yadda muka san shi ba. Mu ne muka shigo da tayil da ledar ɗaki da kafet da katifar soso.

Yanzu ɓangaren tufafi. Abin da ya sa auduga ta yi fice ba matsayinta a tsakiyar jerin kaɗai ba ne. Zarenta yana shan ruwa daga iska ya riƙe. A matsakaicin danshi, auduga tana riƙe ruwa kusan kashi 7 zuwa 8 na nauyinta, ulu ya ninka haka, nailan kusan kashi 4, akirilik 1 zuwa 2, foliyesta kuwa ko rabin kashi ɗaya ba ta kaiwa. Ɗan ruwan da ke cikin zaren auduga, haɗe da wanda take samu daga jikin mai ita, shi ke ba caji hanyar sulalewa. A tsananin bushewa ita ma takan yi ɗan caji, kada a ce na ce ba ta yi sam. Amma tsakaninta da akirilik akwai tazara mai yawa, kuma ba ta bukatar wuta, ba ta bukatar tataccen ruwa, ba a wanke mata tanki.

Sai dai a faɗi gaskiya game da bargon roba: ba a banza ya mamaye kasuwa ba. Yana da ɗumi, ga laushi, ga rashin nauyi, yana bushewa da wuri idan an wanke, kuɗinsa kuma talaka na iya kaiwa. Gwado ko luru na saƙar hannu sai ya yi kauri da nauyi kafin ya ba da ɗumin da bargon akirilik ke bayarwa, mai kyansa yana da tsada, masaƙan ma sun yi ƙaranci. Magidanci mai 'ya'ya shida ba zai zubar da barguna shida ya sayi gwado shida ba, kuma ban ce ya yi ba. Abin da ke aiki shi ne a raba jiki da bargon. Zanen gado na auduga a ƙasa, wani zanen auduga a sama, sannan a ɗora bargo. Tsohuwar atamfa ta gaske, wadda ta sha wanki ta yi laushi, ta wadatar. Yaro ya kwana da rigar auduga maimakon rigar ƙwallo, domin rigunan ƙwallon nan kusan dukansu foliyesta ne zalla. Wanda ya fi so ya gama da matsalar gaba ɗaya sai ya ɗinka wa bargon riga ta auduga, kamar yadda ake yi wa matashi. Tela zai yi wannan a yini guda, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na na'ura ba.

Ulu na gaske yana da ɗumi ƙwarai, kuma yana shan danshi, amma a bushewa irin tamu yana tara caji sosai idan ya gogi foliyesta, tunda suna nesa da juna a jerin. Suwaitar ulu a kan singiletin auduga lafiya lau. Suwaitar ulu a ƙarƙashin jaket ɗin roba, to ranar ka shirya wa ƙofar mota.

Babbar wahalar wannan zaɓi ita ce gane audugar. A Babbar Kasuwa ko Tsohuwar Kasuwa, kusan kowane yadi ka taɓa za a ce maka kotin ne. Ba lallai mai shagon yana yaudara ba, shi ma haka aka faɗa masa a inda ya saro. Rubutun da ke bakin yadi ma ba kullum yake gaskiya ba. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na wuta. Ka ce, “Alhaji, a ba ni ɗan zare daga gefe in gwada.” Mai kaya na ƙwarai zai ce, “Bismilla, Malam, ga almakashi.” Ka fita waje, nesa da tarin yadi, ka riƙe zaren da ɗan ƙarfe ka kusanta shi da ashana. Auduga tana kamawa nan take, ta ci kamar takarda, da warin takarda, ta bar toka mai laushi da ke murƙushewa a yatsa. Foliyesta tana janyewa daga wutar tun kafin ta kama, ta narke, ta yi baƙin hayaƙi, ta bar ɗan dunƙule mai tauri da ba ya murƙushewa. Ulu yana warin ƙonannen gashi. Gauraye kuma zai nuna maka hali biyu, toka da dunƙule tare. Shadda mai kyau auduga ce, haka atamfa ta asali, amma kwaikwayonsu masu araha da suka cika kasuwa da yawa roba ce, kuma araha ba ta ado. A wajen 'yan gwanjo abin ya fi sauƙi, domin yawancin kayan suna da ɗan ƙyalle a wuya ko a gefe da ke faɗin abin da aka saƙa su da shi.

Mata su ne suka fi shan wahalar abin. Yawancin yadin hijabi foliyesta ne, ga shi yana gogar gashi da riga duk yini. Shi ya sa yake mannewa a jiki yana bin ƙafafu, idan an zo cirewa ya yi ta ƙara, gashi ya miƙe. Hular auduga a ƙarƙashi da doguwar rigar auduga a ciki suna rage wannan sosai. Ruwan laushin tufafi da ake zubawa a ɗaurayar ƙarshe shi ma yana taimakawa, domin yana barin wani santsi a kan zare da ke rage gogayya ya kuma riƙe ɗan danshi. Idan ana sauri, a jiƙa hannu a shafa a cikin hijabin, zai saki na ɗan lokaci.

Abu biyu suna tafiya tare da tufafi, kuma kusan kyauta ne. Na farko mai. Busasshiyar fata mai furu-furu tana tara caji fiye da wadda ta sha mai, don haka man kaɗe ko basilin ko gilisarin da ake shafawa saboda kaushi da faso yana aiki biyu. A shafa shi da an fito wanka, jiki da sauran laima. Na biyu takalmi. Silifas da duk takalmi mai ƙasan roba suna raba ka da ƙasa, su hana cajin fita. Takalmi mai ƙasan fata yana barinsa ya sulale, kuma garin da duniya ta san shi da fatar jar akuya bai kamata ya rasa mai ɗinka irinsa ba. Sai dai a duba da kyau, domin da yawa samansu fata ne, ƙasansu taya ko roba. Tafiya ba takalmi a daɓen siminti ko na ƙasa tana sauke caji nan take. A kan ledar ɗaki ko kafet kuwa ba ta yi.

Inda zaɓin biyu suka fi rabuwa shi ne da zarar ka fita daga ɗaki. Na'ura tana nan inda ka bar ta. Ba za ta bi ka mota ba, ba za ta bi ka ofis ko makaranta ko masallaci mai kafet ba, kuma a waɗannan wurare ne yawancin mutane ke shan shokin. Rigarka da takalminka da man jikinka suna tare da kai. Ga mota ma akwai dabarar da ba ta cin ko kwabo: cajin yana samuwa ne lokacin da bayanka ke rabuwa da kujera, don haka ka riƙe ƙarfen ƙofa tun kafin ka tashi, kada ka saki sai ƙafarka ta taka ƙasa. A ofis kuma, ka fara taɓa mariƙin ƙofa da makulli, tartsatsin ya fita ta bakin makullin maimakon yatsanka.

Wa ya kamata ya sayi na'urar, ke nan? Wanda ke da ɗaki mai silin da tagogi masu rufuwa sosai, da wutar da ba ta yankewa cikin dare, da mai kula da tsabtarta, kuma yana fama da haɓo ko bushewar maƙogwaro a gidan bayan shokin. Shi ma ya haɗa da ɗan ma'aunin danshi, wanda ba shi da tsada, ya tsaya tsakanin kashi 40 da 50, kada ya kai 60 inda fumfuna ke fara samun wuri. Haka masu gyaran waya da kwamfuta: wasu ƙananan sassan da suke taɓawa bolt 100 ma yana iya lalata su, ƙasa ƙwarai da abin da mutum ke ji, ta yadda mai gyara zai kashe allon waya bai sani ba. Irin wannan shago yana bukatar danshi, da igiyar hannu mai sauke caji zuwa ƙasa. Sauran jama'a, mai ɗaki ɗaya da labule, ɗalibi a ɗakin kwanan jami'a, gidan da wuta ke zuwa tana tafiya, su fara da zanen auduga biyu da mai da jiƙaƙƙen tawul. Idan bayan mako biyu abin bai yi sauƙi ba, lokacin ne za a yi maganar na'ura.

Shokin kansa, duk da dubban bolt ɗin da aka ambata, ba ya yi wa mai lafiya illa, domin cajin ɗan mitsitsi ne kuma yana wucewa cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Wurin da yake zama hatsari shi ne kusa da fetur da gas. Tururin fetur yana kamawa da tartsatsin da bai ma kai wanda mutum ke ji ba. Kada a cika jarka tana cikin but ko a bayan a-kori-kura, a sauke ta ƙasa, bakin tiyo yana taɓa bakinta. Kada a koma cikin mota a zauna ana tsakiyar zuba mai sannan a fito a kama tiyo. Mai zuba wa janareto mai, da masu sayar da shi a galan a bakin titi, su taɓa wani ƙarfe da ke nesa da man kafin su buɗe murfi, musamman idan suna sanye da suwaitar roba. Idan an ji warin gas a kicin, a buɗe ƙofa da taga, a rufe tukunyar gas ɗin, kada a tsaya cire hijabi ko suwaita a wurin.

Kuma a bambance wannan da shokin wutar gida. Na hunturu sau ɗaya yake, tsat, idan ka sake taɓa wurin nan take ba za ka ji komai ba. Idan firji ko famfo ko injin wanki yana jan ka duk lokacin da ka taɓa, kana jin yana girgiza hannu muddin kana riƙe da shi, musamman da jiƙaƙƙen hannu ko ƙafa ba takalmi, wannan wutar bolt 230 ce ke zuba a jikin ƙarfen, kuma tana kisa. Bargo da na'urar danshi ba ruwansu da ita. A kashe wutar daga babban makunni, a hana yara zuwa wurin, a kira mai gyaran wuta ya duba wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa a ranar.